Magani Ya Fara Kasawa: Yadda Za Mu Kai Labarin Gida Gida

'Yan'uwa manoma, kowace shekara daga ran 18 zuwa ran 24 ga watan Nuwamba akan keɓe mako guda a ƙasashen duniya domin a faɗakar da jama'a a kan wata matsala wadda ba ta da kururuwa amma tana cin rayuka. Matsalar ita ce, magungunan da muke dogara da su domin kashe ƙwayoyin cuta sun fara kasawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ce ta soma wannan mako a shekarar 2015. A Abuja da manyan birane akan yi taro, a yi jawabi, a yi tattaki da riguna masu rubutu. Ba laifi. Amma matar da ke da kaji ashirin a bayan ɗaki a unguwar Kambarawa cikin birnin Katsina ba ta zuwa taron Abuja. Haka mai turken raguna, haka uwar da ɗanta ya kwana yana zawo. Su ne kuwa masu sayen maganin da shansa da ba dabbobi. Saboda haka muka ga ya kamata mu bayyana wannan al'amari dalla dalla, domin ƙungiyoyinmu na gama kai su ɗauki labarin su kai shi inda ya dace.

Abin ya taɓa faruwa a gabanmu

Dattawa a cikinmu sun san Babbar Ruga, a kan hanyar Batsari, inda ake jinyar masu ciwon kuturta tun zamanin Sarkin Katsina Dikko. Da fari man wani itace na ƙasar Indiya ake yi musu allura da shi. Ga zafi, amfaninsa kuwa kaɗan. Wajen shekarar 1950 sai ga wata ƙwaya mai araha wadda ake kira dafson. A nan Nijeriya ma, a asibitin Uzuakoli ta ƙasar Ibo, wani likita mai suna John Lowe ya nuna ana iya haɗiyarta ta yi aiki. Aka buɗe wuraren karɓar magani a ƙauyuka, dubban mutane suka sami sauƙi. Sai dai akan shekara da shekaru ana sha. Wani ya sha wata uku, ya ga tabon ya dushe, ya bari. Wani aikin damina ya hana shi zuwa karɓa. Wani ya raba nasa da ɗan'uwansa. A shekarar 1964 likitoci a ƙasar Maleshiya suka tabbatar akwai ƙwayar kuturta wadda dafson ba ta kashewa, kafin ƙarshen shekarun 1970 kuma abin ya bazu ƙasashe da yawa. A 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a daina ba da dafson ita kaɗai, a riƙa haɗa magani biyu ko uku. Aka yi sa'a akwai waɗansu magunguna a ajiye da za a haɗa. Da babu fa?

Wanda bai ga zamanin dafson ba ya ga na kulorokwin. Shekaru da yawa in zazzaɓin cizon sauro ya kama yaro, kulorokwin ce magani, da ɗacinta da ƙaiƙayinta, kwana uku yaro ya miƙe. A 1978 aka ga ta fara kasawa a Afirka ta Gabas, cikin shekarun 1980 kasawar ta iso ƙasarmu. Aka yi ta ba yara suna mutuwa da maganin a cikinsu. A 2005 gwamnati ta sake doka, aka koma ga haɗin magani biyu wanda ake kira ACT, wanda ya fi tsada nesa ba kusa ba. Shi ma ɗin an fara ganin alamar raunana a Ruwanda da Uganda.

Yadda abin yake faruwa

Sau da yawa mukan ji mutum ya ce, "Jikina ya saba da wannan magani, ba ya yi mini aiki." A nan kuskuren farko yake. Ba jikin mutum ne yake sabawa ba, ƙwayar cutar ce take kangarewa. Wannan bambanci yana da girma, gama in jiki ne ya saba, abin ya tsaya a kan mai jikin. In kuwa ƙwayar cuta ce ta kangare, to, za ta bi ruwa, ta bi hannu, ta bi tari, ta kama jaririn da bai taɓa shan magani ba a duniya, maganin kuma ya kasa a kansa.

Manomi ya fi kowa saurin gane wannan. In aka yi shekarar fari, gero ya ƙone, waɗansu zangarnu kaɗan suka jure suka nuna, waɗanne za ka ajiye domin iri? Waɗanda suka jure mana. Baɗi gonarka za ta cika da 'ya'yan masu jurewa. To, haka yake a cikin jiki. Ƙwayoyin cuta irin waɗanda ake kira bakteriya ƙanana ne ƙwarai, sai da madubin likita ake ganinsu, suna nan miliyan bisa miliyan. A cikinsu akwai raunana, akwai masu taurin kai. In magani ya shiga da cikakken ƙarfi har iyakar kwanakin da aka ƙayyade, yakan gama da su, jiki kuma ya share saura. In ya shiga rabi rabi, sai raunana su mutu, masu taurin kai su sami fili. Watau mun zaɓa wa cutar iri da hannunmu. Waɗansu daga cikinsu sukan rabu biyu kowane minti ashirin in sun sami wuri mai daɗi. Ƙwaya ɗaya tak, cikin awa bakwai, ta haura miliyan biyu. Har wa yau sukan miƙa wa juna wannan dabara ta jurewa, ko da ba dangi ɗaya ba ne.

Akwai kuma wani gefe. Cikin hanjin kowane mutum da kowace dabba akwai bakteriya masu yawa da ke zaune lafiya, waɗansu ma suna taimakon narkar da abinci. Duk ran da aka sha kafso, ko da bukata ko babu, su ma sun ɗanɗana shi, masu jurewa a cikinsu sun ƙaru. Shi ya sa shan magani ba gaira ba dalili yake da lahani daidai da shan rabi.

Mutumin da ya gano fenisilin a 1928, Alexander Fleming, ya yi wannan gargaɗi tun 1945 sa'ad da ya je karɓar kyautar Nobel. Ya nuna cewa in ranar ta zo da kowa zai iya sayen maganin a kanti ya sha abin da bai isa ba, ƙwayoyin cuta za su koyi jure masa. Ranar ta zo.

Ga lissafin ɓarnar. Wani babban bincike da mujallar likitoci ta The Lancet ta buga a 2022 ya nuna cewa a shekarar 2019 mutum miliyan 1 da dubu 270 suka mutu a duniya domin maganin da aka ba su ya kasa kashe bakteriyar da ta kama su, kusan miliyan 5 kuma wannan kasawa tana da hannu cikin mutuwarsu. In aka kwatanta da yawan jama'a, yankin da abin ya fi tsanani shi ne Afirka ta Yamma. An ƙiyasta rabon Nijeriya a wannan shekara mutum 64,500 kai tsaye, da 263,400 waɗanda abin ya shafa. Ba a rubuta wa kowa "kasawar magani" a takardar mutuwa. Akan ce ciwon huhu ne, ko zazzaɓi bayan haihuwa, ko miki ya ƙi warkewa.

Inda muke zubar da ƙarfin magani

Duk wanda ya tsaya ƙofar kemis da maraice, a Kambarawa ko a kowace unguwa, zai ji irin cinikin da ake yi. "A ba ni ja da rawaya guda huɗu." "A haɗa mini na mura." "A ba ni na ɗari biyu." Mai kemis ya ƙirga daidai kuɗin ya ƙulla a leda. Ba mu ce mugunta ce ta sa mutum ya sayi huɗu maimakon ashirin ba. Abin da ke aljihunsa ke nan, asibiti kuwa akwai layi, akwai kuɗin kati, akwai yinin aiki da zai tafi a banza. Duk mai son yin faɗakarwa, in bai fara yarda da wannan gaskiya ba, ba wanda zai saurare shi.

Amma da yawa daga cikin wannan kuɗi asara ce tsantsa. Mura da yawancin tari na lokacin hunturu wata irin ƙwaya ce dabam take kawo su, wadda ake kira bairos, kafso kuwa ba ya taɓa ta ko kaɗan. Da magani da babu, mura takan yi kwanakinta ta wuce, sai a yaba wa kafso. Yawancin zawon yara ma haka ne. Abin da ke kashe yaro mai zawo ƙarewar ruwan jiki ne, maganinsa kuwa ruwan gishiri da sukari na fakiti, da ƙwayar zinki kwana 10 zuwa 14. Sai in an ga jini a bayan gida, ko yaro ya kasa sha, ko numfashinsa ya yi sauri, nan kam a ruga asibiti. Sa'an nan ga maganar "maleriya da taifot" wadda ta zama kamar tagwaye a bakin kowa. Gwajin taifot da aka fi yi, wanda ake kira Widal, yakan nuna alamar ciwon ga wanda ba shi da shi, musamman a ƙasa irin tamu inda mutane da yawa sun taɓa gamuwa da ƙwayar. Ta haka mutane masu yawa suke shan magani mai ƙarfi domin ciwon da ba su da shi.

Ga mu manoma kuwa, babbar ƙofa tana wajen dabbobi, nan za mu daɗe. Yawancin magungunan da ake ba dabbobi dangin waɗanda mutane ke sha ne, waɗansu ma su ne ainihinsu. Kafso ja da rawaya da ake fasawa a zuba wa kaji a ruwa, tetarasaikilin ne, ɗan'uwan allurar da makiyaya ke kira LA. Da hunturu ya shigo, annobar kaji ta fara, wadda waɗansu ke ce wa fakat, likitoci kuwa Niyukasil, sai ka ga kowane gida ana fasa kafso. Wannan annoba bairos ce. Ko buhun kafso aka zuba, kajin da za su mutu sai sun mutu. Abin da aka samu kawai shi ne bakteriya masu jurewa a cikin kashin kaji. Kashin nan kuwa mu ne muke kwasa mu kai lambu, ya hau kan latas da tumatir, ya dawo cikin kwano.

Masu kaji na gidan gona sukan sa magani a ruwa tun ranar da 'yan tsaki suka iso, ba domin ciwo ba, wai domin tsaro da saurin girma. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana ba dabbobi irin wannan magani domin ƙiba tun 2006, kiwo kuwa bai tsaya ba. A 2015 masu bincike a ƙasar Sin suka gano bakteriya a jikin aladu da nama da marasa lafiya waɗanda ke jure wa kolistin, maganin da likitoci ke ajiyewa sai sauran duk sun kasa. Ana ba dabbobi shi ne da yawa a can, har gwamnatinsu ta hana ba su shi domin ƙiba a 2017. Ku duba fakitin magungunan kaji da kuke saye, za ku ga sunan kolistin a jikin waɗansu.

A wajen shanu da raguna, kuskuren da aka fi yi shi ne awo da ido. Sa mai nauyi a yi masa allurar da ta dace da maraƙi, domin kwalba ɗaya ta zagaya garke. Haka ake yi da maganin sammore, shi ya sa makiyaya a wurare da dama suke kukan ba ya ci kamar da. Sa'an nan kowane magani yana da kwanakin jira, watau kwanakin da za a bari kafin a yanka dabba, ko a sha madararta, ko a ci ƙwan kaza. Ga waɗansu 'yan kwanaki ne, ga waɗansu har wata guda ko fiye, an kuwa rubuta a jikin kwalba. Amma in dabba ta ƙi tashi bayan allura, me akan yi? A kira mahauci kafin ta mutu. Mata masu nono sun san wani abu a nan wanda ya isa shaida: madarar saniyar da aka yi wa allura sau da yawa ba ta kama ta yi kindirmo mai kyau, gama maganin da ke cikinta yakan kashe ƙwayoyin da ke sa ta yi tsami. Abin da ya hana madara kamawa, shi ne yaro yake sha a fura.

Wace irin faɗakarwa ce take aiki?

Gwamnati ta yi nata shiri. A 2017 aka fitar da tsari na ƙasa na shekara biyar, wanda ya haɗa ma'aikatun lafiya da aikin gona da muhalli, tare da Hukumar Yaƙi da Cututtuka ta Ƙasa, NCDC. A 2024 aka fitar da na biyu, mai kaiwa 2028. A watan Satumba na 2024 kuma shugabannin duniya a Majalisar Ɗinkin Duniya suka yi alkawarin rage mace-macen da kashi 10 cikin 100 kafin 2030. Takarda dai ta yi kyau. Amma a ƙasar nan mun riga mun ga yadda ake cin nasara a kan ciwo, ba kuwa a ofis aka ci ba.

Ku tuna da kurkunu. A 1988 an ƙirga mutum fiye da 650,000 masu kurkunu a Nijeriya. Ciwon nan ba shi da magani, ba shi da allurar rigakafi. Abin da aka yi shi ne, a kowane ƙauye aka zaɓi mutum ɗaya ko biyu 'yan garin, aka koya musu, aka ba su ƙyallen tace ruwa su rarraba, su hana mai kurkunu shiga tafki, su riƙa ba da rahoto kowane wata. Janar Yakubu Gowon ya yi ta zagaya jihohi yana roƙon a haƙa rijiyoyi. A 2008 aka ga mai kurkunu na ƙarshe, a 2013 aka ba ƙasar takardar shaida. Haka shan inna. A 2003 jita-jita ta sa aka dakatar da ɗiga maganin a Kano da waɗansu jihohi, ciwon ya sake bazuwa. Ba tallar rediyo ce ta gyara ba ita kaɗai. Sarakuna ne suka shiga, aka kafa musu kwamiti a 2009, masu unguwanni da malamai suka ɗiga wa 'ya'yansu a gaban jama'a, aka ɗauki mata 'yan unguwa suna shiga gida gida. Da iyaye suka yi ƙorafi cewa ana kawo musu maganin ciwon da ba su gani ba, alhali zazzaɓi na kashe yara, sai aka fara haɗawa da duba sauran cututtuka da ba da sabulu. Ran 25 ga Agusta 2020 aka shaida ƙwayar shan inna ta daji ta ƙare a Afirka, ko da yake ana ci gaba da rigakafi.

Abu biyu muka gani a nan. Wanda ya kawo saƙon sananne ne, an san gidan ubansa. Kuma bai zo hannu wofi ba. A ganinmu faɗakarwa a kan magani ma haka za ta kasance. In ka ce wa mace kada ta ba kajinta kafso, ka juya ka tafi, za ta gode maka ta ci gaba da fasawa, gama ba za ta zuba ido su mutu ba. In kuwa ka zo da maganin rigakafi ka ɗiga wa kajinta a ido, suka ƙetare hunturu, ita da kanta za ta gaya wa kishiyarta da maƙwabciyarta.

A nan ne ƙungiyar gama kai ta fi kowa dama. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, wadda aka kafa tun 1924, tana yin rigakafin annobar kaji, har da wani iri mai ɗan jure zafi, wanda ake ɗigawa a ido. Kwalba ɗaya ta fi ƙarfin kajin gida ɗaya, in an haɗa ta da ruwa kuma ba ta kwana. Mutum ɗaya zai ga asara ce, amma gida goma in suka haɗa kuɗi, aka sa rana, aka kulle kaji tun da dare, abu ne mai sauƙi. Lafiyayyu ake yi wa, tun annoba ba ta shigo ba, a maimaita bayan wata uku ko huɗu. Haka ƙungiya za ta iya yin magana da ofishin likitan dabbobi a sa ranar rigakafin ciwon huhu na shanu da na annobar tumaki da awaki. Za ta iya sayen igiyar awon ƙirjin dabba guda ɗaya wadda ke nuna nauyi, a ajiye wurin sakatare. Yadda muke yin asusu domin taki, haka za mu iya ware wani abu kaɗan domin in likita ya rubuta wa ɗan ƙungiya magani na kwana biyar ko bakwai, a ranta masa ya saya cikakke, ya biya da kaka.

Wa za a fara gani a unguwa kamar Kambarawa? Mai unguwa tukuna. Ba a shiga gari ta bayan gida. Daga nan limamai da fastoci, gama kalma ɗaya daga bakinsu ran Juma'a ko ran Lahadi ta fi takarda ɗari da aka manna a bango. Ƙwayar cuta ba ta tambayar addinin gida kafin ta shiga, rijiya ɗaya muke sha da maƙwabtanmu, mahauci ɗaya muke saye a wurinsa, saboda haka aikin da aka yi cikin 'yan ƙungiya kaɗai rabin aiki ne. Zumuntar mata tana da babban rabo, domin kaji da yara a hannun mata suke, namiji kuwa ba ya shiga kowane gida. A nemi ungozoma, a nemi wanzamai, a nemi sarkin fawa. A makarantu ma akwai hanya. Wata ƙungiya mai suna DRASA, wadda aka kafa domin tunawa da Dakta Stella Adadevoh, likitar da ta tare cutar Ebola a Legas a 2014, ta kafa ƙungiyoyin ɗalibai a makarantun sakandare na Legas da Osun, yara suna koyo suna kai labari gida. Malamin makaranta da ke cikinku zai iya yin irin wannan da wasan kwaikwayo ɗan gajere.

Kada a mai da mai kemis abokin gaba. Gaskiya ce doka ba ta yarda a sayar da yawancin waɗannan magunguna ba sai da takardar likita, gaskiya ce kuma ana sayarwa. Amma shi ne likitan unguwa da tsakar dare, shi ne mai ba da bashi. In aka zage shi a taro, an rasa shi. A gayyace shi ya zauna a gaba, a roƙe shi abu kaɗan wanda zai iya: ya ajiye fakitin ruwan gishiri da sukari da zinki a inda za a gani, ya daina haɗa kafso cikin maganin mura, ya tura mai tarin da ya wuce mako biyu asibiti, gama gwajin tarin fuka da maganinsa kyauta ne. Tarin fuka wata shida ake shan maganinsa, wanda ya yanke a tsakiya kuwa yana iya jawo wa gidansa irin wanda ba ya jin magani. Mai kemis zai fi yarda in ya san jama'ar unguwa duka sun ji wannan magana, ba za su bar shi su tafi shagon gaba ba.

Akwai kuma jabun magani, da wanda rana ta kashe a kan tire a tasha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2017 cewa a ƙasashe irin namu magani ɗaya cikin goma jabu ne ko ba shi da cikakken ƙarfi. Mai shan irin wannan, ko ya bi ƙa'ida sarai, rabi ya sha. A koya wa mutane duba lambar NAFDAC da ranar ƙarewar aiki. Waɗansu fakiti suna da wurin kankarewa, a aika lambar ta waya a sami amsa.

Game da saƙon kansa, kada a cika wa mutane kunne. Magana uku ko huɗu sun isa zama ɗaya, a faɗe su da Hausar kasuwa. Kada a tsorata mutane har su guji magani, gama yaro mai ciwon huhu in bai sami antibayotik da wuri ba zai iya mutuwa cikin kwana biyu, waɗanda rashin magani ke kashewa a ƙauyukanmu kuwa ba kaɗan ba ne. Abin da muke so shi ne mai bukata ya samu cikakke, ya sha yadda ma'aikacin lafiya ya ce, kada ya ajiye saura, kada ya ba wani. Wanda ba ya bukata kuma ya bari. Maganar wanke hannu da sabulu, da gina masai, da rufe bakin rijiya, da kai yara rigakafi, duk cikin aikin take, domin ciwon da bai kama ba ba ya cin magani. Annobar mashaƙo da ta tashi a Kano da Katsina da maƙwabtansu tun ƙarshen 2022 ta fi kama yaran da ba a yi wa allura ba.

Makon Nuwamba ya zo mana daidai, an gama girbi, akwai ɗan kuɗi a hannu, hunturu kuma yana bakin ƙofa. Muna ba kowace ƙungiya shawara a taronta na watan Oktoba ta zaɓi mutum biyu, mace da namiji, su je wurin ma'aikacin lafiya da malamin dabbobi mafi kusa su roƙe su zuwa taron unguwa. Rigakafin kaji kuwa a yi shi kafin iskar hunturu ta taso. Sakatare ya sami littafi ya rubuta gida nawa aka shiga, kaji nawa aka yi wa rigakafi, nawa suka rage a watan Maris a gidajen da aka yi da gidajen da ba a yi ba. Ku aiko mana da lissafin, za mu buga shi domin sauran ƙungiyoyi su gani.